Kwalbar da ke Ƙarƙashin Randa

Ba zan ɓata lokaci a kan yadda na bar Nguru ba. An yi kuka, an yi addu'a, Inna ta cusa mini kwalbar humra a tsakiyar zannuwana, shi ke nan. Labarina a Jidda ya fara, a shekarar da aka canja mana kuɗi daga fam zuwa naira.

Zangona na farko masaukin alhazai ne, kusa da filin jirgi. Wani mutum da ake kira Alhaji Ɗan'iya ne ya kawo ni. Shi ya zauna a zauren babana ya rantse cewa akwai makarantar unguwarzoma a Jidda, kuma yarinya mai takardar sakandare irina da gudu za a ɗauke ta. Da muka sauko daga aikin hajji ya karɓi fasfona, wai zai kai a buga masa hatimin karatu. Ya ce in jira shi a kan akwatina. Na jira. Alhazan jirginmu suka tafi, na jirgin bayanmu suka tafi, ina zaune. Wata tsohuwa 'yar Jawa da ke jiran nata jirgin ta riƙa turo mini shinkafa a murfin kwano. Ba ta jin maganata, ba na jin tata. Ranar da za ta tafi ta shafa kaina, ta bar mini kwanon.

Wani dattijo mai shara, Bazazzagi, shi ya gaya mini gaskiya.

"'Yata, wa kike jira?"

"Alhaji Ɗan'iya."

"Mai haƙorin Makka biyu a sama?"

"Shi."

"To tashi. Bara ma wata ta jira shi a nan wurin. Kina da kowa a garin nan?"

Ina da sunan mutum ɗaya, Gwaggo Asabe, 'yar wan kakana, wadda ta zo da ƙafa ta Sudan tun ba a haife ni ba. Dattijon ya ɗora akwatina a kansa ya kai ni har motar unguwar Nuzla.

Nuzla ba ta yi kama da Jiddar da ake ba mu labari a gida ba. Gidajen kwano da katako, lunguna kamar hanji, zafi mai ɗanko wanda ko wanka ka yi ba ya sakinka. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hancin kakanki Malam Buba ne, ba musu. Shigo." Jikokinta suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Ni kuma Larabcin makaranta gare ni, in na buɗe baki sai su kwashe da dariya, wai rediyo ta fara labarai. A nan na koyi kalmomi uku da ba a koya mana a aji ba: iƙama, takardar zama; kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya maka; da tarhil, wato a kama ka a watsa a jirgi. Ni tarhil ba jirgin ne ke ba ni tsoro ba. Saukar ce. Babana ya sayar da shanunsa ya gaya wa duk Nguru 'yarsa ta tafi karatu. In koma masa da zane ɗaya a motar 'yan sanda, ban ga yadda zan yi ba.

Gwaggo tana sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar Bab Makka, sai ta riƙa tafiya da ni. Ban iya talla ba. Mutum zai tsaya ya ɗanɗana, ya taya, ya sake ɗanɗanawa, ni kuwa sai in ce masa in ci zai yi ya saya, in kallo ne ya matsa. Gwaggo ta ce, "Rakiya, bakin nan naki ya fi 'yan sanda korar mini ciniki."

Kusa da mu akwai wani tsohon Balarabe Bahadrame, Ammi Salim, mai sayar da kayan lambu jiƙaƙƙu a manyan kwalabe, su kokwamba da karas da lemon tsami. Warin ruwan da yake jiƙa su ya hana ni sakat, tsami mai hawa hanci har ya sa ido ruwa. Na tambaye shi mene ne. Ya ce khal ne, daga inabi.

"Ruwan inabin da ya kwana ya yi tsami? Ammi, ai giya ce kake sayarwa a ƙofar Makka."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ya binti, ba ki yi karatu ba ne? Giya hanya ce da ruwan inabi yake bi. In ya wuce ta da kansa ya zama khal, ya tsarkaka. Je ki tambayi wanda kike so."

Ba sai na tambaya ba. Na tuna malamin addininmu ya faɗa a aji, na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta.

Shi Ammi Salim ɗin ne ya samo mini aiki. Wani mai sayen kayansa, Jurji, Kirista ɗan Labanan da ke aiki a kamfanin gine-gine, yana neman mai kula da uwarsa a unguwar Bagadadiyya. Jurji bai ɓoye mini komai ba. Ya ce uwar ta kori 'yan aiki har ya daina ƙirgawa. "In kika kai azumi ba ta kore ki ba, mai kamfaninmu zai tsaya miki kafili, a yi miki iƙama. In ta kore ki, halas, ban san ki ba." Muna watan Rabi'u a lokacin.

Ummu Jurji ake kiranta, ni ina ce mata Sitti. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da can tela, amma amosanin gaɓɓai ya nannaɗe mata yatsu har cokali sai ta haɗa hannu biyu take ɗagawa. Bakinta kuwa lafiyarsa lau. Ranar farko ta ce shayina kamar ruwan wanke ƙafa. Na ce to ta tashi ta dafa nata. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Aƙalla wannan tana da harshe." Daga nan muka zauna.

Cikin ayyukan da ta ba ni akwai wani da ban gane kansa ba. A lungun kicin akwai randa a kan ƙafafun katako, a ƙarƙashinta akwai wani abu kwance a naɗe cikin buhun algarara. Kullum safe da yamma sai na yayyafa wa buhun ruwa. Ta ce kada in buɗe, kada in ɗaga, kada in tayar da shi tsaye. Na ɗauka wani abin addininsu ne, ban tambaya ba.

Wata rana da hantsi rana ta shigo ta tagar ɗakina ta sauka a kan akwati. Na buɗe na ciro kwalbar Inna, na sake naɗe ta a zane, ina neman inda ya fi duhu. Ashe Sitti tana bakin ƙofa a kan sandarta.

"Mene ne wannan kike ɓoyewa?"

"Humra ce, Sitti."

Ta waiga kamar akwai wani a gidan. Ta rage murya. "Khamra?"

"I. Innata ce ta haɗa."

"Uwarki? Da hannunta?"

"Ita ce gwanar unguwarmu. Ba a kai amarya sai an zo wajenta."

"Musulma?"

"Har da carbi. Me ya kawo wannan?"

Ta matso. "Tana daɗewa?"

"In ba ta daɗe ba ai ba ta yi ba. A duhu ake ajiye ta, ta yi ta tsumuwa. Sabuwa hawa kai take yi."

"Haka ne! Wallahi haka ne!" Idonta ya kawo ruwa. "Kuma kika shigo da ita ƙasar nan? Ba su kama ki ba?"

"Wani ma'aikaci ya buɗe ya sansana, ya ce in sam masa ya kai wa matarsa. Na hana."

Ta yi wata dariya da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta kama hannuna da nata murɗaɗɗun yatsun ta ja ni kicin, ta sa sanda ta yaye buhun. Baƙar kwalba ce doguwa, ta yi ƙura, bakinta a toshe an liƙe da jan kaki.

"Ga tawa," in ji ta. "Daga gonar babana. Ta girme ki."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta: khamra a Larabci giya ce. Na ja da baya har na buge randa. Na koma ɗaki na ɗauko kwalbar Inna, na cire murfi, na kai mata hanci. Ƙamshin sandal da farce da miski ya cika kicin.

"Turare ne, Sitti. Humra. Shafawa ake yi. Taki kuwa giya ce, kuma wata da watanni kin sa ni ina yi mata ban ruwa."

Ta dubi kwalbarta, ta dube ni. Sannan ta ce, "Za ki kai ƙarata?"

"Ni da ba ni da takarda? In je in ce musu me, ku kama mu mu biyu?"

Daga ranar ban sake jiƙa buhun ba, na kuma gaya mata ba zan sake ba. Ita ke jan jiki da kofi a tsakanin hannuwa biyu, rabin ruwan ya zube a hanya. Ina gani, ina goge inda ya zube.

Amma bakinta ya buɗe. Shekara da shekaru ba ta da wanda za ta yi wa zancen, don Jurji ya ɗauka tuni an tuttular da kwalbar a masai. Kullum in ina tsefe mata kai sai ta kama labarin kwalbar. Garinsu yana wani kwari da ake kira Biƙa, tsakanin duwatsu biyu masu farin ƙanƙara a ka. Ƙasar ja ce, cike da tsakuwa. Da rana zafi, da dare sai an rufa da bargo ko da bazara. Ba a yi wa kurangar inabin ban ruwa, wai gara ta sha wuya ta tura saiwa ƙasa ta nemo da kanta, 'ya'yan su fito ƙanana, baƙaƙe, masu kaurin fata. In an matse a zuba a gangunan katako a kai kogon dutse, inda sanyin ba ya canjawa rani da damina.

"Tana sabuwa ba ta da kunya," in ji ta. "Ta kama miki harshe ta ɗaure, kamar ke. Sai ta shekara goma, ashirin, sannan ta sauko. Jan ya koma kamar na bulo. Ki ji ɓaure busasshe a ciki, ki ji hayaƙin itace, ki ji fata irin ta sirdi."

"Fata? Mu a garinmu unguwar majema toshe hanci ake yi a wuce."

"Jahila. Daga ƙarshe kuma, bayan kin haɗiye, sai ki ji ƙasa. Kin san ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka?"

Wannan kam na sani. Na tsaya da tsifar. Tun da na zo Jidda ban ji shi ba. Na ga tsakar gidanmu, na ga Inna tana gudu tana kwashe shanya, awaki suna kuka. Ban san lokacin da na ce, "Na sani," ba.

"To shi ne a cikin kwalbar nan. Garinmu ne a ciki."

Mijinta ne ya shigo da kwalbar ta jirgin ruwa, a cikin akwatin keken ɗinki. Sun yi alkawari ba za su buɗe ba sai ranar da za su koma gida. Shi bai koma ba, yana kwance a maƙabartar baƙi a nan Jidda. Ita kuma likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki tafiya ba.

Da Sha'aban ya kama, saura kaɗan in kai gaci, sai ta fito da abin da ke ranta. Ranar Lahadi mai zuwa ce zagayowar ranar da mijin ya rasu.

"Za ki buɗe mini ita. Kofi ɗaya. Ba na ce ki sha ba."

"Ba zan buɗe ba."

"Yatsuna ba sa iyawa, kina gani."

"Ina gani. A addinina mai buɗewa da mai zubawa da mai miƙawa duk layi ɗaya suke da mai sha. Ki sa Jurji."

"Jurji matsoraci ne, zai zubar. Rakiya, na taɓa roƙonki wani abu?"

"Ba ki taɓa ba. Umarni kike bayarwa."

"To ga umarni. Ko ki buɗe ranar Lahadi, ko ki ɗauki akwatinki."

Ranar Juma'a na je Nuzla na gaya wa Gwaggo. Tana tuƙa ƙuli, ba ta ko ɗago ba.

"Ki naɗe hannunki da tsumma ki ce kin yi targaɗe. Targaɗe ya kai ki azumi. In takarda ta fito, ya warke."

"Hannu biyun?"

"To ki faɗo daga tsani mana! Ke komai sai an tauna miki?"

"Gwaggo, ba zan iya ba. Za ta gane, kuma ni zan sani."

Ta ajiye muciya. "Kafin in samu takarda a garin nan gashina ya yi fari. Ban ce ki taɓa haram ba, Allah ya kiyaye. Amma ke da gaskiya kamar mai ciwon amai, ba kya iya riƙewa. Tabarmarki dai tana nan."

Ranar Lahadi da safe na yi mata wanka, na sa mata baƙar rigarta, na dafa shayi. Sannan na ɗaure akwatina na kawo bakin ƙofar kicin na ajiye. Ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Haka ne?"

"Haka ne, Sitti. Ki yafe mini abin da na yi miki."

Ta durƙusa da kyar a gaban randa, ta rungumo kwalbar a ƙirji kamar jaririya, ta kai tebur. Ya kamata in tafi. Ban tafi ba, don na san in ta faɗi babu mai ɗaga ta. Na tsaya a ƙofa, na haɗa hannuwana a baya na riƙe gam, don ban yarda da su ba.

Ta kankare kakin da haƙori. Ta ɗauko tsinken saƙa na ƙarfe, ta kafa a kan toshiyar, ta ɗora tafin hannu biyu ta danna da dukan nauyinta. Tsinken ya zame ya yanke ta. Ta sake. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana kiran sunan mijin ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin tsayuwa ta yi mini tsawo kamar wannan ba. A karo na gaba toshiyar ba ta ko yi gardama ba, ta ruɓe tuntuni, ta marmashe ta faɗa ciki.

Ta karkata kwalbar da gefen hannu, ruwan ya zubo a kofi. Ba ja ba ne, ba kuma kalar bulo ba. Ruwan ƙasa ne mai duhu. Kafin ta kai baki warin ya iso ƙofa, ya hau mini hanci, idona ya kawo ruwa. Na yi watanni ina zaune kusa da wannan warin a Bab Makka.

Ta kurɓa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya. Ta ajiye kofin a hankali.

"Sitti," na ce, "wannan khal ne."

"Na sani. Ina da harshe."

Ta zauna tana kallon kwalbar. Babu ɓaure, babu hayaƙi, babu ƙasar garinsu. Zafin Jidda ya bi ta ruɓaɓɓiyar toshiya ya shiga, buhu da randa ba su hana ba, wataƙila tun mijin yana da rai. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kukan ne ya ƙaru. Ashe dariya ce.

"Rakiya," ta ce, "kin ga abin da ƙasarku ta yi? Mun kawo ta Kirista. Ta zauna kusa da Makka, ta zauna, ta zauna, ba ta gaya wa kowa ba ta musulunta."

"Ba ƙasarmu ba ce. Ni ma baƙuwa ce."

"Rufe mini baki. Yanzu za ki iya taɓa ta?"

Na saki hannuwana. Na zo na sansana sosai, don in tabbata. Ko Ammi Salim ba shi da mai ƙarfin wannan.

"Yanzu zan iya."

Na fara wanke mata yankan na ɗaure. Sannan na tace khal ɗin da farin ƙyalle saboda ɓarɓashin toshiya. Ta zauna tana ba da umarni kamar kullum: a gasa gurasar jiya ta yi ƙarau, a yanka tumatir da kokwamba da na'ana'a, ba haka ba, ƙanana, ke wa ya koya miki riƙe wuƙa. Aka zuba man zaitun, aka zuba khal. Muka ci a kwano ɗaya, ina ba ta a baki. Ta tauna ta daɗe, ido a rufe.

"Can ƙarshe," in ji ta, "in kin haɗiye. Akwai ɗan wani abu."

Ni tsami kawai na ji. Na ce mata tsami kawai na ji. Ta ce dama me jahila za ta ji.

Da azahar Jurji ya shigo cin abinci, ya yi tuntuɓe da akwatina a ƙofa. Ya dube shi, ya sauke numfashi irin na wanda ya saba.

"Ita ma, Mama?"

"Ita ma me? Shara take yi a ɗakinta. Zauna ka ci."

Ya ci, ya ƙara, ya ce khal ɗin nan na wajen wa ne, ya fi na Bahadramen. Ta ce na wani tsohon manomi ne, ba zai san shi ba. Sannan ta nuna ni da sanda. "Takardar yarinyar nan, sai na mutu za ka kawo? Yalla, gobe ka je wajen mai kamfaninku."

Da ya fita na ɗauki akwatin zan mayar ɗaki. Ta ce in tsaya, in ciro kwalbar Inna.

"Ɗakinki rana tana shiga. Kawo ta nan, wurin ya zama fili."

Na durƙusa na kwantar da humrar a ƙarƙashin randa, na rufa mata buhun. Na ɗebo ruwa a kofi na yayyafa.